Nasiha ga Ɗana Kan Wuta da Ruwa da Iska da Ƙasa

 Mahaifiyarka ta gaya mini abin da ke cin ranka tun da aka buga maka hisabi, aka ce ɗabi'arka ta wuta ce, ta yarinyar da kake nema kuma ta ruwa, don haka wai zama ba zai yi daɗi ba. Ta ce ka rage cin abinci, ka ɗauke ƙafa daga zance, kana ta jujjuya maganar kai kaɗai. Ni kawunka ne, na kuma ga aure da yawa an ɗaura, wasu sun ɗore wasu sun mutu, a nan Jahun da ƙauyukanta. Ka ba ni aron hankalinka.

Ga yadda lissafin yake. Kowane harafin Larabci yana da adadinsa a tsarin abajada. Sai a tara adadin sunanka da na mahaifiyarka, a raba da 4 ko da 12, abin da ya yi saura shi zai nuna wai kai na wuta ne, ko na ƙasa, ko na iska, ko na ruwa. Abu ne da ya daɗe a ƙasar Hausa. Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi suna har Masar saboda rubuce-rubucensa kan hatimai da taurari. To amma ita abajadar iri biyu ce. Mutanen Gabas suna ba harafin sadi 90, mutanen Magrib suna ba shi 60. Ke nan mai suna Salihu ko Safiya, in an bi lissafin Gabas ya faɗa wani gida, in an bi na Magrib yana iya faɗawa wani gidan dabam, alhali mutum ɗaya ne da halinsa ɗaya. Sunan ma ranar bakwai aka raɗa maka shi. Da mahaifinka ya zaɓi wani, da lissafin ya canza, kai kuwa kana nan yadda Allah Ya yi ka.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausan gargaɗi a Nurul Albab kan masu da'awar sanin gaibu ta hanyar bugun ƙasa ko duban taurari. A Sahihu Muslim kuma ya zo cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta dare 40. Abin da Manzon Allah (SAW) ya koya mana a sha'anin aure a fili yake: a dubi addini da hali, a yi shawara, a yi istihara. Ka bar iyayenka mata su bincika yadda take da ƙannenta, da yadda take amsa kiran mahaifiyarta, da abin da maƙwabta ke faɗa a kanta. In ya yi kyau, kuma zuciyarka ta natsu bayan istihara, mu za mu shige maka gaba mu je neman auren. Wannan magana ta ƙare a nan.

Sai dai kada ka haɗa abu huɗun nan da lissafin ka zubar gaba ɗaya, domin akwai wani ilimi a tattare da su da ya girmi hisabi, ya kuma fi shi amfani. Masanan Girka ne suka fara cewa daga wuta da iska da ruwa da ƙasa aka haɗa komai, tun wajen shekara 450 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Likitansu Jalinusu ya gina magani a kai. Aka fassara littattafansa zuwa Larabci a Bagadaza, a hannun irin su Hunainu ɗan Is'haƙu wanda ya rasu a 873, sannan Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya tsara abin a littafinsa Al-Ƙanun. A wurinsu wuta zafi ce da bushewa, iska zafi da danshi, ruwa sanyi da danshi, ƙasa sanyi da bushewa. A jiki kuma akwai jini da majina da safra'u da sauda'u, kowanne da abokin ɗabi'arsa. Lafiya ita ce waɗannan su daidaita, cuta kuma ɗaya ya rinjayi saura. Ta littattafan Larabci ilimin ya iso mana, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubutu kan magani, ciki har da na ciwon ido da na basir. Duk tsohuwar da ka ji ta ce sanyi ne ya kama yaro, ko abinci kaza zafi gare shi, reshen wannan bishiyar take riƙe da shi.

Kai da ka yi makarantar boko ka san ilimin sinadarai ya wuce nan. Yau ana lissafa sinadarai 118, ruwan ma an gano tun ƙarni na 18 cewa haɗin abu biyu ne. Don haka ban ce ka nemi maganin zazzaɓi a ma'aunin zafi da sanyi ba. Wannan na asibiti ne. Amma har gobe, daga asuba zuwa kwanciyar barci, hannunka ba ya rabuwa da huɗun nan. Da ruwa kake alwala, a kan ƙasa kake sujada, iska kake shaƙa, da wuta ake dafa maka tuwo. Bayin Allah ne da aka hore mana. Ba su san gobe ba, ba a roƙonsu, ba a yi musu yanka. Abin da magabata suka gane, wanda bai tsufa ba, shi ne kowannensu yana da gwargwado, kuma mutum yakan koyi riƙe kansa ta yadda yake riƙe su.

Akwai wani malami da ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa a Dutse, Muhammadu Bah Abba, wanda ya taso a gidan maginan tukwane. A shekarun 1990 ya yaɗa wata dabara a ƙauyukanmu: a saka ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a zuba gauta ko tumatir ko alayyafo a ta cikin, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa. Ruwan yashin yana tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar, busasshiyar iska tana kwashe shi, yana tafiya da zafin da ke ciki. Gautan da kan lalace a kwana 3 sai ya kai kusan mako 4. A shekarar 2000 aka ba shi kyautar Rolex saboda wannan aiki, kuma babban abin da ya dame shi shi ne 'yan matan da ake hana makaranta don su yi tallar kayan miya kafin ya ruɓe.

Ka dubi tukunyar nan da kyau. Yumɓu ne aka kwaɓa da ruwa, iska ta busar, wuta ta gasa. In magini ya yi gaggawa ya sa ta a wuta da sauran danshi, fashewa za ta yi. In ba a gasa ta ba, ruwan farko zai narkar da ita. Bayan an gama ginin ma aikin bai ƙare ba, sai an riƙa jiƙa yashin safe da yamma. Ranar da aka manta, sanyi ya tafi. Haka natsuwar zuciya take. Ba a haifar mutum da ita a gama, ba a kuma hana shi ita saboda sunansa. Kullum ake jiƙa ta, shi ya sa aka rarraba mana salla a cikin yini ba a tara ta wuri ɗaya ba.

Yanzu bari in gaya maka abin da ba sai an buga ƙasa ba. Kana da zafin zuciya. Tun kana yaro na san haka, kuma shi ne abin da nake ji maka tsoro a gidan aure, ba tauraron kowa ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi dogon bayani kan fushi a Ihya'u. Ya nuna cewa wuta ce da Allah Ya ajiye a zuciya don mutum ya kāre kansa da addininsa da iyalinsa. Wanda ba shi da ita ko kaɗan ba shi da kishi, ana taka gaskiya a gabansa yana kallo. Wanda ta fi ƙarfinsa kuma ba ya gani ba ya ji. Abin nema shi ne ta tashi in hankali da shari'a sun kira ta, ta kwanta in sun ce ta kwanta. Don haka ban ce ka kashe zafinka ba. Shi ke tashe ka da asuba zuwa gona, shi ke hana ka zuba ido a zalunci ƙannenka.

Abin da nake roƙonka shi ne ka daina cewa haka Allah Ya yi ni. Ka tuna wanda ya fara taƙama da cewa shi daga wuta yake. Iblis ne, ranar da ya ƙi yi wa Annabi Adamu sujada don an halicce shi daga yumɓu. Malaman tafsiri sun ce ko a lissafin nasa ya yi kuskure, domin ɗabi'ar wuta gaggawa ce da rawar kai da cinye abin da ta samu, ita kuwa ƙasa nauyi gare ta da haƙuri, a ba ta ƙwaya ta mayar da zangarniya. Wannan ne ya sa da Annabi Adamu ya yi kuskure ya tuba, shi kuwa wancan ya cije.

Ka lura da maganin da Manzon Allah (SAW) ya ba mai fushi. Ya nemi tsarin Allah daga Shaiɗan. Ya yi shiru. In yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta. A wata ruwaya ta Abu Dawuda, wadda malaman hadisi suka yi magana kan ƙarfinta amma malamai suka daɗe suna aiki da ma'anarta, an ce ya yi alwala, tunda da ruwa ake kashe wuta. Duk matakan nan saukar da mutum suke yi, su kusantar da shi ga ƙasa da ruwa. Wanda ke kwance ba ya kai mari. Likitoci ma sun san ruwan sanyi idan ya taɓa fuska yana sa bugun zuciya ya sauka. Kafin ka ɗauko buta, ka wanke hannu, ka kurkure baki, ka shaƙa ruwa, ka kai ga ƙafa, kalmar da ta zo bakinka ta sami lokacin komawa.

Akwai labarin da nake so ka riƙe, yana cikin Buhari. Wata rana saɓani ya shiga tsakanin Sayyidina Ali da Nana Faɗima, sai ya fita ya tafi masallaci ya kwanta. Manzon Allah (SAW) ya same shi mayafinsa ya zame, ƙura ta ɓata masa jiki, ya riƙa kakkaɓe masa yana kiransa Abu Turabi, ya ce ya tashi. An ce babu sunan da Ali ya fi so kamar wannan. Gidan da ya fi kowane gida albarka ke nan, ga shi ma an yi saɓani. Jarumin da maza ke tsoro a fagen fama bai tsaya cacar baki ba, bai furta saki ba, fita ya yi ya kwanta a ƙasa har ya huce. Saki nawa aka yi a garin nan tsakanin magariba da lisha, wanda da gari ya waye mai gidan ke yawon bin malamai yana neman mafita? In ranka ya ɓaci da dare, ka bar hukunci sai bayan sallar asuba.

Ita wutar murhu ma haka shari'a ta bi da ita. Wani gida ya taɓa ƙonewa da mutanensa a Madina cikin dare, sai Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a riƙa kashe wuta in za a kwanta. Da hunturu mutanenmu kan shiga ɗaki da kaskon gawayi su toshe ko'ina. Gawayin yana fitar da wata iska mai guba, ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci ta ɗauke shi. Hayaƙin janareta ma ita ce a cikinsa, don haka kada ka kusantar da shi ga taga ko ka sa shi a zaure a rufe. Ba kuma za mu manta da daren 15 ga Oktoba 2024 ba, da tankar mai ta faɗi a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, jama'a suka taru ɗibar fetur, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu, galibinsu matasa irinka. Allah Ya jiƙansu da rahama. Ba na zarginsu, na san halin matsin da ya kai su wurin. Amma in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Duk inda ka ga mai ya zube, ka yi nisa, ka kuma janye wanda za ka iya janyewa.

Tunda aure kake shiri, ga wata da za ta zo maka nan gaba in Allah Ya kawo rabo. Iyayenmu mata sun gāji cewa sanyi ne babban abokin gābar mai jego, shi ya sa ake wankan tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana 40, da kunun kanwa, a wasu gidajen har da kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Niyyarsu alheri ce, kuma hutun da kulawar da mai jego ke samu abin a yaba ne. Sai dai a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka danganta shi da tsananin zafin nan da gishirin da ke cikin kanwa, wanda ke tara ruwa a jiki ya ɗora wa zuciya nauyi. Gudun sanyi ya kai mu ga wuce iyaka a zafi. In lokacin ya zo, ka yi wa iyaye magana da ladabi a sassauta ruwan ya zama mai ɗumi, a rage kanwa. In ka ga ƙafafunta sun kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai an tokare ta da matashi, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Babban asibitin Jahun yana kusa, kuma tun 2008 likitocin ƙungiyar MSF ke aiki a ɓangaren haihuwarsa.

Shi ruwa, yawan ganinsa ne ke sa a raina shi. Manzon Allah (SAW) yakan yi alwala da mudu ɗaya, wanda bai kai lita 1 ba. Ka gwada da ƙaramar buta. Za ka ga dole ka natsu, ka san gaɓar da kake wankewa, kuma natsuwar nan za ta bi ka cikin salla. Wanda ya buɗe famfo yana alwala yana hira, sau da yawa haka zai kabbara hankalinsa na wani wuri. An kuma ruwaito cewa mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta. In Allah Ya hore maka rijiyar burtsatse, ka fitar da famfo ɗaya waje. Mu da muka ga ambaliyar 2022, yadda ta ci gonaki da gidaje daga Ringim zuwa Miga da Auyo har Haɗeja, mun san ruwa ba ya manta hanyarsa. Ruwan sama ya yi yawa, gaskiya ne, kachalla kuma ta toshe hanyoyin kogi. Amma ledar da muke cusawa a kwalbati da ginin da muke yi a kan magudana, waɗannan aikin hannunmu ne.

Maganar iska gajeriya ce. A hadisin da Tirmizi ya ruwaito an raba ciki uku: kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Wanda ya cika tumbi da tuwon dare bai bar wa numfashi wuri ba, zai yi nauyin barci, asuba ta wuce shi, ya tashi da ƙunci. Ɗakin da za ka gina wa amarya ka yi masa taga biyu masu kallon juna. Sanƙarau ya fi yaɗuwa da rani, a cunkoson ɗaki marar iska, kuma waɗanda suka ga annobar 1996, wadda ta kashe dubban mutane a Arewa, ba sa wasa da rigakafi. An hana mu zagin iska domin umartarta aka yi. In ta taso da ƙura, roƙon alherinta ake yi, a nemi tsari daga sharrinta, sannan a tambayi kai ina bishiyoyin da ke tare ta a da.

A nan ƙasa ta shigo, domin iskar da ke kwashe mana yashin gona mu muka buɗe mata ƙofa da gatari. Gawon nan da kakanka ya bari a tsakiyar gona yana da dalili. Da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma 'ya'yansa su ciyar da awaki. Manoman Maraɗi da Damagaram tun shekarun 1980 suka koma barin tohon da ke fitowa daga kututture suna gyara shi maimakon sassabe shi, abin da suke kira sassabin zamani, har ƙasar da ta kai kadada miliyan 5 ta sake yin bishiyoyi. Ƙasarmu ta jigawa irin tasu ce, abin da ya yi musu zai yi mana.

An sanya wa wannan al'umma ƙasa ta zama masallaci da abin tsarki. Inda ruwa ya yanke, taimama ta wadatar. Goshin da ke taɓa ta kullum bai kamata ya zama na mai girman kai ba, kuma hannun da ke dafa ta a sujada bai kamata ya ci taƙi ɗaya na wani ba. Buhari da Muslim duk sun ruwaito azabar wanda ya zalunci wani a kan taƙin ƙasa, cewa za a rataya masa shi har ƙasa bakwai. Rigimar da ta fi raba zumunci a karkararmu ita ce ta iyakar gona da rabon gādo da cin burtali, kuma yawancinta da kunya ɗaya ake farawa, wadda garma ta ƙara bara, ta sake ƙarawa bana.

Gonarku ta hanyar Aujara, iyakarta ta gabas ta fara shafewa tun rasuwar mahaifinka. Kafin ruwan shuka ya sauka, ka je ka gai da maƙwabcinku har gida, ka roƙe shi ku fita tare da mai unguwa da dattawa biyu da suka san wurin, ku taka iyakar daga farko zuwa ƙarshe. Inda aka yi shakka, ka bar masa. Sannan ku dasa aguwa a kan layin tun dattawan na tsaye, a rubuta a takarda kowa ya sa hannu, ka kawo wa mahaifiyarka ta adana.